A Yi Bincike Kafin A Yanke Wa Gwara Hukunci

Cikin tsuntsayen da Allah ya halitta, in an ɗebe na kiwo, babu wanda ya manne wa ɗan Adam kamar gwara. Ba a ɗaure ta ba, ba a gina mata akurki ba, amma duk inda mutum ya kafa gida ya gina rumbu sai ka ga ta zo ta tare. A cikin shekarar 2021 waɗansu masana na ƙasar Ostareliya sun yi kirdadon yawan tsuntsayen duniya, suka ce irin wadda a ke kira gwarar gida ta kai wajen miliyan 1,600, watau ita ce kan gaba a cikin lissafinsu. Nauyinta wajen giram 30 ne, kamar oza guda ke nan. Duk da wannan ƙanƙanta tata, manyan hukumomi sun zauna sun yi shawara a kanta. Wata ta aika ƙetaren teku aka sayo ta, wata ta yi shelar yaƙi da ita, wata kuma ta wayi gari ta ga ta ƙaurace mata.

Abin da na ke so in jawo hankalin masu karatu gare shi ɗaya ne. Duk sa'ad da mutane suka yanke wa wannan tsuntsuwa hukunci da ka, ba tare da an duba an ƙidaya ba, sun yi da na sani. Wannan darasi kuwa ya wuce maganar tsuntsu, ya shafi yadda ya kamata hukuma ta riƙa tafiyar da al'amuran talakawanta.

Wace Ce Gwarar Gida?

Da farko ya kamata mu bambanta. Gwarar da muka saba gani a tsakar gidajenmu, mai kai toka-toka da baya ja-ja, wadda mace da namiji kamarsu ɗaya, 'yar'uwa ce ga wadda mu ke magana a kanta. Ita gwarar gida namijinta yana da baƙin gemu daga maƙogwaro zuwa ƙirji, da 'yar hula mai launin toka, macen kuwa ba ta da wani ado, launin ƙasa gare ta. Mazauninta na asali shi ne Gabas ta Tsakiya, da Turai, da yawancin Asiya, da Afirka ta Arewa. Wanda ya bi hanyar Makka ta Sudan ya gan ta a Hartum da garuruwan bakin Kogin Nilu, alhazai kuma suna ganinta a Jidda da Makka da Madina. A nan Afirka ta Yamma baƙuwa ce. A cikin shekarun 1970 aka fara ganinta a Dakar, ana kyautata zaton jiragen ruwa ne suka kawo ta.

Maƙwabtakarta da mutum ta daɗe ƙwarai. Masana na Jami'ar Oslo, a ƙasar Norwe, sun bincika ƙwayoyin gadon da ke jikinta, suka bayyana abin da suka samu a 2018. Sun ce wajen shekara 11,000 da suka wuce, daidai zamanin da mutane suka fara noman alkama da sha'ir a Gabas ta Tsakiya, gwara ta rabu gida biyu. Kashi guda suka zauna a daji, har yanzu kuma zuriyarsu na nan a tsakiyar Asiya, suna gudun mutane, suna ƙaura da hunturu, suna cin 'ya'yan ciyawa. Ɗaya kashin suka bi manomi. Da tafiya ta yi tafiya sai bakinsu ya ƙara kauri, ƙoƙon kansu ya ƙara ƙarfi don fasa ƙwayar hatsi, cikinsu kuma ya saba da narkar da sitacin da ke cikinta. Suka daina ƙaura, gama wanda ke kwana kusa da rumbu me zai kai shi yawon ci-rani?

Kai, don tsananin sabonta da mutane, har an taɓa samun gwara a cikin ramin haƙar kwal na Frickley, a ƙasar Ingila, mita 640 a ƙarƙashin ƙasa. Tsakanin 1975 da 1978 suna can cikin rami, ma'aikata na ba su abinci, har suka yi sheƙa. An kuwa sha lura, in mutane suka tashi daga ƙauye ya zama kufai, gwara ma ba ta daɗewa a wurin.

Abin Da Ta Ci Da Abin Da Ta Biya

Kada a ce na zo ina yi wa ɓarauniya ado. Gwara tana ɓarna, wannan ba abin musu ba ne. Tana cin hatsi a gona sa'ad da ya nuna, tana shiga rumbu in ta sami kafa, tana tsinke tohon lambu, tana toshe indararo da tarkacen sheƙarta, tana kuma korar waɗansu tsuntsaye daga ramukansu. Manomin da ya ga garke ya sauka kan alkamarsa yana da gaskiya in ransa ya ɓaci.

Amma littafin bashi shafi biyu gare shi. Gwara takan saka ƙwai huɗu ko biyar, ta kwanta a kai kusan mako biyu, 'ya'yan kuma su yi kamar mako biyu a sheƙa kafin su tashi. Tana yin haka sau biyu ko uku a shekara, a ƙasashe masu ɗumi har fiye. To, ɗan gwara sabon ƙyanƙyasa ba ya iya rayuwa da hatsi. A kwanakinsa na farko sai ƙwari, watau tsutsar ganye, da darɓa, da ƙananan fara, da makamantansu. Uwa da uba wuni su ke yi suna kai da kawowa, suna tsinto waɗannan ƙwari daga jikin itatuwa da shuke-shuke. Lokacin da su ke wannan aiki kuwa shi ne lokacin da shuka ke tasowa, ta fi bukatar mai tsare ta. Ashe wanda ya gan ta da kaka kaɗai ɓarauniya zai kira ta, wanda ya gan ta sa'ad da ta ke renon 'ya'ya kaɗai zai ce mai gadi ce. Adalci shi ne a duba shekara sukutum, a kuma duba wurin, gama abin da ta ke a lambun birni dabam ne da abin da ta ke a gonar alkama.

Yanzu bari mu ga abin da ya sami waɗanda suka karanta shafi guda suka rufe littafi.

Amurka Ta Sayo Wahala Da Kuɗinta

A da babu gwarar gida a Amurka. A tsakiyar ƙarni na 19 wata irin tsutsa ta addabi itatuwan birnin Niyu Yok, sai waɗansu manyan gari suka tuna da gwarar Ingila, suka ce ai ita ce magani. A 1851 aka saki na farko a unguwar Brooklyn, aka kuma ƙaro waɗansu a shekarun da suka biyo. Sauran birane suka ɗauka. Hukumar birnin Filadelfiya ita kaɗai ta saki guda 1,000 a 1869. Aka yi ta kafa musu akwatunan sheƙa, ana zuba musu abinci kamar baƙin sarki.

Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko me babbar gwara ke ci in ta gama renon 'ya'ya. Biranen Amurka na wannan zamani kuwa cike su ke da dawaki, hatsi na zuba a barga da kan titi, sabo da haka tsuntsuwa ta sami daula. Kafin shekara arba'in ta mamaye yawancin gabashin ƙasar, ta faɗa wa gonaki, ta kori tsuntsayen ƙasar daga sheƙunansu, alhali waɗansunsu sun fi ta cin ƙwari nesa ba kusa ba. A 1889 Ma'aikatar Gona ta Amurka ta buga rahoto mai shafi fiye da 400, wanda wani masani Walter Barrows ya tsara, aka tabbatar ɓarnarta a ƙasar ta rinjayi amfaninta. Jihar Mishigan ta riga ta sa ladan kwabon Amurka guda a kan kowane kai tun 1887. Kuɗi suka fita, gwara ba ta ragu ba, yara kuma suka riƙa haɗawa da tsuntsayen da ba ruwansu don neman lada. Abin da ya rage ta a biranen daga baya shi ne zuwan mota, wadda ta kori doki, hatsin barga ya tafi tare da shi.

Binciken da aka yi a 1889, da an yi shi a 1850, da ba a sha wannan wahala ba. Haka kuma mutanen Ostareliya da Niyu Zilan suka shigo da ita a shekarun 1860, su ma suka dawo suna cizon yatsa.

Yaƙin Ƙasar Sin

Na Amurka asarar dukiya ce. Na ƙasar Sin ya kai ga rayuka. A 1958 Shugaba Mao Zedong ya yi shelar yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, da ƙuda, da sauro, da gwara. Gwarar da ta fi yawa a can wata 'yar'uwar gwarar gida ce, mai ɗigon baƙi a kumatu, amma zamanta da mutane iri ɗaya ne. Laifinta dai an ce tana cinye hatsin jama'a. Aka fito da kowa da kowa, ma'aikata da sojoji da tsofaffi da 'yan makaranta, ana kaɗa ganguna da tukwane da kwanoni tun asuba, ana kaɗa tutoci a kan rufin ɗakuna, don kada tsuntsu ya sami wurin sauka. Su yi ta shawagi har su gaji su faɗo matattu. Aka rushe sheƙuna, aka farfasa ƙwai. A birnin Bejin kaɗai, cikin kwana uku na watan Afrilu 1958, an ba da labarin kashe wajen 400,000.

Abin baƙin ciki shi ne, ba a rasa mai sani a ƙasar ba. Akwai wani masanin tsuntsaye, Zheng Zuoxin, wanda shi da abokan aikinsa suka feɗe cikin gwara ɗaruruwa, suka ga abin da ta ke ci wata bayan wata, suka nuna cewa a lokacin renon 'ya'ya ƙwari ta ke kwashewa. Amma zamanin ba na jin shawara ba ne, wanda ya yi gardama da shugaba ya ɗebo wa kansa ruwan dafa kansa. Da gwara ta ƙare sai fara da sauran ƙwari suka sami sake, suka faɗa wa gonaki. Sai a 1960 aka janye sunanta daga cikin abokan gaba, aka sa kuɗin cizo a madadinta.

Tsakanin 1959 da 1961 aka yi yunwar da ba a taɓa ganin irinta ba a ƙasar. Masu tarihi sun saɓa a kan yawan waɗanda suka mutu, mafi ƙarancin abin da a ke faɗa shi ne miliyan 15, da yawa kuma suna cewa wajen miliyan 30 ko fiye. Ba zan ce kashe gwara kaɗai ya jawo wannan ba, gama ba gaskiya ba ne. An tattara gonakin talakawa an haɗe su da ƙarfi, an janye manoma an sa su narkar da ƙarfe, an tilasta musu shuka a cunkushe, ma'aikata sun riƙa aika wa na sama da lissafin girbi na ƙarya, gwamnati kuma ta karɓi hatsi bisa wannan ƙarya, ga fari da ambaliya a waɗansu larduna. Amma duba da kyau, duk waɗannan uwarsu ɗaya da yaƙin gwara: umurni daga sama, ba gwaji, ba ƙidaya ta gaskiya, ba mai ikon cewa a dakata. Garin neman gira aka rasa ido.

Ingila Ta Nemi Maƙwabciya Ta Rasa

Labari na uku dabam ya ke. Mutanen Landan sun saba da gwara har ba su ganinta. Amma a 1925 wani saurayi mai shekara 21, Max Nicholson, ya shiga lambun shan iska na Kensington ya ƙidaya gwarar da ke ciki, ya sami 2,603. Aka sāke ƙidaya a 1948 aka sami 885, a 1975 kuma 544. A shekarar 2000, shi wannan mutum yana da shekara 96, aka koma da shi lambun, aka sami 8 tak. Raguwar farko an san dalilinta, tafiyar doki ce. Ta baya ita ce ta ɗaure wa mutane kai, har jaridar Independent ta sa kyautar fam 5,000 ga wanda ya gano sanadi. A ƙasar Birtaniya duka, tsakanin 1977 da 2008, an rasa wajen kashi 70 cikin 100, a 2002 kuwa aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da a ke jin tsoro a kansu. Wani lissafi na 2021 ya nuna ƙasashen Tarayyar Turai sun rasa miliyan 247 tun daga 1980.

Da aka tsananta bincike sai dalilai suka fara fitowa. A birnin Lesta an bi sheƙuna ɗaya ɗaya, aka tarar 'ya'ya da yawa na mutuwa da yunwa tun suna 'yan kwanaki, don ƙwarin da za a ba su sun yi ƙaranci. Mutane sun sare shinge, sun shafe filin ƙofar gida da siminti don ajiye mota, sun yawaita fesa magani. Sababbin gine-gine kuma a toshe su ke ruf, ba 'yar kafar da tsuntsu zai yi sheƙa. A ƙauye, manoma sun daina barin kara da ragowar hatsi a gona da hunturu, rumbuna kuma sun zama na ƙarfe. A 2019 aka ƙara gano cewa wajen kashi 74 cikin 100 na gwarar Landan da aka gwada suna ɗauke da wani zazzaɓin tsuntsaye wanda sauro ke yaɗawa.

Wani zai ce, to, mene ne abin damuwa, tsuntsu ne fa. Amsa ita ce, halittar da ta jure zama da mutum shekara dubu goma, har cikin ramin kwal, in ta kasa zama a unguwa, ruwa ba ya tsami banza. Unguwar da ba ta da ƙwarin da zai ciyar da ɗan tsuntsu, ba ta da ganye, ba ta da inuwa, 'ya'yan mutane ma a cikinta su ke tashi. Abin yabo ga mutanen Ingila shi ne sun riƙe lissafi. Ba don wancan saurayi ya ɗauki fensir a 1925 ba, da sai dai tsofaffi su ce da akwai, yara su ce ƙarya ne. Tun 1979 kuma suna da al'adar ƙidayar tsuntsayen gida ta sa'a guda a ƙarshen watan Janairu, da yara aka fara ta, yanzu mutane dubu ɗaruruwa ke shiga. A Indiya ma, wani mai kishin tsuntsaye, Mohammed Dilawar, shi da ƙungiyarsa suka kafa ranar gwara ta duniya, 20 ga Maris, tun daga 2010, a 2012 kuma hukumar Delhi ta ɗauke ta a matsayin tsuntsuwar jiharta.

Ina Ruwanmu?

Manomin Barno ko na Haɗeja zai ce, Malam, kai ba ka ga jan-baki ba ne. Gaskiyarsa. Jan-baki dabam, gwara dabam. Shi yakan zo ne dubu dubai kamar hadari, ya share gonar gero ko shinkafa cikin wuni guda, ba mai hankalin da zai ce a naɗe hannu a zuba masa ido. Amma ko a kansa ma bincike ya yi magana. Wani masani, Peter Ward, ya yi aiki a kansa a yankin Tafkin Cadi, ya buga abin da ya samu a 1965. Ya nuna yawancin abincin jan-baki 'ya'yan ciyawar daji ne, kuma yunwar farkon damina, sa'ad da waɗannan 'ya'yan ciyawa suka tsiro, tana kashe su da yawa ko ba a taɓa su ba. Shekaru da dama an yi ta feshi da jirgin sama a ƙasashen Afirka, jimlar yawansu ba ta karye ba, maganin kuwa ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe shi, har shaho da sauran masu cin gawar ya kan taɓa. Abin da ya fi shi ne a san inda garken ya ke kwana, a san wace gona ce ke cikin haɗari, a tsare ta a kan kari. Wannan kuwa ba ya samuwa sai da masu dubawa da masu rubutawa.

Sabo da haka ga shawarata. Na farko, kada wata hukuma, babba ko ƙarama, ta shigo da baƙon tsuntsu ko dabba ko kifi ko tsiro, ko ta yi shelar ƙarar da wani, sai masana sun duba shekara guda cur aƙalla, an kuma gwada a ƙaramin wuri. In masanin ya kawo amsar da ba a so, a saurare shi, gama don wannan rana aka ɗauke shi aiki. Ma'aikacin da ke faɗa wa shugaba abin da ya ke so ya ji kaɗai, shi ne ya cika rumbunan ƙasar Sin da hatsin takarda.

Na biyu, maganar makarantu. Darasin sanin halitta ya zama karatun allo, yaro ya haddace sunayen tsuntsayen da bai taɓa gani ba, alhali ga sheƙa a saman tagar ajinsu. Ba a bukatar kuɗi a nan. Littafin rubutu guda ya isa. Kowace makaranta ta zaɓi rana guda a wata, yara su zauna sa'a guda su ƙidaya tsuntsayen harabar, su rubuta iri da yawa da abin da suka ga suna ci, a ajiye littafin a ofishin hedimasta, aji ya gada daga aji. Kwalejojin horon malamai su ne ya kamata su fara, don malamin da bai taɓa yi ba ba zai sa yara su yi ba. Ribar ba ta tsaya ga tsuntsu ba. Yaron da ya saba ya duba da idonsa, ya rubuta abin da ya gani ko da ya saɓa wa abin da ya zata, shi ne gobe in ya zama malamin gona ko akawu ko hakimi ba zai aika da lissafin ƙarya ba.

Na uku, ga masu gida. Garuruwanmu suna sāke kama, jinka da azara suna ba kwano da siminti wuri, bishiyar tsakar gida tana faɗuwa don a ƙara ɗakin haya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya ke da hali ya bar itace ko guda ɗaya, ya ajiye ɗan kasko da ruwa a inuwa da bazara, ya rufe rumbunsa da kyau, gama toshe ƙofar rumbu ya fi kashe tsuntsu sauƙi da arha. Iyaye kuma su tsawata wa yara masu harbin tsuntsaye da danƙo don wasa. Malamanmu sun sani, a cikin hadisan da Imam Nasa'i ya tara akwai gargaɗi ga wanda ya kashe ɗan tsuntsu irin wannan a banza, ba don ci ba.

Gwara ba waliyyiya ba ce, tana ci tana ɓarna kamar kowane maƙwabci. Amma alƙalin kirki ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin kowane ɓangare, ya kuma nemi shaidu. Tun da ita ba ta da bakin kare kanta, shaidunta su ne ido da fensir da haƙurin mai ƙidaya. Ƙasar da ta koya wa 'ya'yanta yi wa ɗan tsuntsu wannan adalci, da wuya ta hana talakanta irinsa. Allah ya ba shugabanninmu kunnen jin shawara, ya ba mu damina mai albarka, amin.